Ciwon Huhu da Ƙuncin Zuciya: Jawabi ga 'Yan Asalin Dingaya Mazauna Birane



Kusan kowannenmu yana da wani dattijo a gida mai fama da tari da sarƙewar numfashi, musamman idan hunturu ya kama. Hayaƙin itacen girki, da ƙurar sussuka, da taba, da tabon da tarin fuka ke bari a huhu, duk suna jawo wannan larura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar toshewar hanyoyin numfashi ta hallaka mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021.

Mukan aika kuɗin magani daga Kano ko Abuja, mu ɗauka mun sauke nauyi. Sai dai wanda numfashi ke yanke masa da tsakar dare yakan kwana da tsoron mutuwa. Tsoron yana ƙara masa haki, hakin kuma yana ƙara tsoron. Sannu a hankali sai ya daina zuwa gona da majalisa, ya ƙaurace wa abinci, har ya watsar da maganin da muka saya. A nan ne wasu ke cewa tsufa ne, ko rashin tawakkali. Alhali ciwon damuwa da fargaba cuta ce mai magani.

Gano ta ba ya bukatar na'ura. Likitoci na da takardar tambayoyi 9 mai suna PHQ-9 don auna damuwa, da mai tambayoyi 7, wato GAD-7, don auna fargaba. Cikin 'yan mintoci ake kammalawa.

Roƙona guda biyu ne. Na farko, idan kun kira gida, ku tambayi Baba ko Inna: cikin makonni biyun nan, ranki yana yawan ɓaci? Abin da kike jin daɗinsa a da, ya fita daga ranki? Na biyu, idan amsar ta zama e, ku raka su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ku shaida wa likita wannan tare da batun tarin. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi a ranar, kada a jira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.