Amsoshin Takardunku: Faifan Da Ya Yi Kwantai Har Shekara 50

 Wannan shi ne filinmu na amsoshin takardunku, inda mukan ɗauko tambayoyin da kuka aiko mana, mu yi bakin ƙoƙarinmu wajen ba ku amsa.

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu na yau da kullum a Zariya. Ga abin da yake cewa: shin su ma manyan mawaƙan Turawan nan da suka yi suna a duniya, sukan fitar da faifai ya yi kwantai a kasuwa kuwa? In haka ne, me ke jawo wannan, kuma a ba shi misali guda ɗaya da cikakken bayani.

To malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar ita ce ƙwarai kuwa, hakan na faruwa, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Misalin da muka zaɓo maka shi ne na wata ƙungiyar makaɗan rok ta ƙasar Ingila mai suna The Kinks, da wani faifai da suka fitar a shekarar 1968. Sai ka gyara zama.

Da farko dai, su wane ne The Kinks? Ƙungiya ce ta samari huɗu, wadda aka kafa a arewacin birnin Landan a shekarar 1963. Biyu daga cikinsu wa da ƙane ne, wato Ray Davies, wanda shi ne mai tsara waƙoƙi kuma mai rerawa, da ƙanensa Dave Davies mai kaɗa jita. Sauran biyun su ne Pete Quaife mai jita mai kaurin amo, da Mick Avory mai ganguna. A shekarar 1964 suka fitar da waƙar da ta ɗaga su, mai suna You Really Got Me, wadda ta zo ta ɗaya a jerin faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya, ta kuma zo ta 7 a Amurka. Abin da ya ja hankalin matasa a waƙar shi ne wani irin amon jita mai kaushi da ba a saba ji ba, kuma Dave ya samo shi ne ta hanyar tsaga lasifikar na'urarsa da reza. Bayan wannan sai nasara ta yi ta bin nasara. A 1965 waƙarsu Tired of Waiting for You ta zo ta ɗaya, a 1966 Sunny Afternoon ta zo ta ɗaya, a 1967 kuma Waterloo Sunset ta zo ta biyu. A wancan lokaci in an ƙirga manyan ƙungiyoyin Ingila, bayan Beatles da Rolling Stones, da wuya a ƙirga biyu ba a ambaci The Kinks ba.

To amma fa tun ana cikin wannan daɗi ɓaraka ta fara. Samarin nan ba sa zaman lafiya da junansu. A watan Mayun 1965, suna tsakiyar wasa a birnin Cardiff, faɗa ya kaure tsakanin Dave da mai ganguna a gaban 'yan kallo, har mai gangunan ya rafke shi da ƙarfe a ka, sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. A bazarar wannan shekara suka je rangadi Amurka, inda suka yi ta samun saɓani da masu shirya wasanni a kan kuɗi da wasu al'amura. Sakamakon haka ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ta hana a ba su izinin yin wasa a ƙasar, kuma wannan takunkumi bai tashi ba sai a 1969.

Mai sauraro, ka lura da nauyin wannan hukunci. Amurka ita ce babbar kasuwar faifai ta duniya. A waɗannan shekaru huɗu ne takwarorinsu na Ingila, irin su Rolling Stones da The Who, suka yi ta zagaya biranen Amurka suna tara jama'a da dukiya, su kuwa The Kinks suna gida a zaune. Mawaƙin da ba a ganinsa a dandali, gidajen rediyo sukan rage sa waƙarsa, in an rage sa waƙarsa kuwa masu kanti sukan rage sarin faifansa. Daɗin daɗawa, Ray Davies ya shiga wata doguwar shari'a da ɗaya daga cikin manajojinsu, wadda ta sa aka riƙe masa kuɗin waƙoƙinsa na tsawon lokaci.

A nan ya kamata mu yi ɗan bayani a kan yadda kasuwar take a wancan zamani. Faifai iri biyu ne. Akwai ƙarami mai waƙa ɗaya a kowane gefe, mai araha, wanda yara 'yan makaranta ke iya saye. Akwai kuma babba mai ɗauke da waƙoƙi goma ko fiye, mai tsada. Daga wajen 1967 kasuwa ta fara komawa kan babban faifai, domin a nan riba take, a nan kuma ake auna darajar mawaƙi. Shi kuwa kamfanin Pye, wanda ke buga wa The Kinks faifai, ya ɗauke su a matsayin masu ƙananan faifai kawai. Alal misali, a 1967 da suka fitar da babban faifansu Something Else, sai kamfanin ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu ya fitar a wani faifai mai rahusa kusan lokaci guda. Mai rahusar ya shiga cikin goman farko, sabon kuwa bai wuce na 35 ba. Ka ga ke nan kamfaninsu da kansa ya sa tsohon kayansu ya kashe wa sabon kasuwa.

Da shekarar 1968 ta kama, ko ƙananan faifan ma sai suka fara ja da baya. Waƙarsu Wonderboy da ta fito a watan Afrilu ta tsaya a ta 36. Wadda ta biyo ta, mai suna Days, ta ɗan taɓuka, ta kai ta 12. Ƙungiyar da a da take cika manyan zauruka, a wannan shekara sai ga ta tana wasa a wuraren shaƙatawa na ƙasar Suwidin da gidajen rawa na arewacin Ingila don neman na cefane. Duniya ke nan, rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

A cikin wannan hali ne Ray Davies ya duƙufa kan faifan da muke magana a kai, mai dogon suna: The Kinks Are the Village Green Preservation Society. Ma'anar sunan ita ce, su The Kinks su ne ƙungiyar kare dandalin ƙauye. A ƙauyukan Ingila akan sami wani fili mai ciyawa a tsakiyar gari, sau da yawa kusa da coci, inda ake wasanni da bukukuwa, kamar dai yadda dandali yake a garuruwanmu. Tunda an rufe masa ƙofar Amurka, sai Ray ya juya ya dubi gida. Ya tsara waƙoƙi a kan abubuwan da ke shuɗewa: abokin ƙuruciya da girma ya raba ku, tsofaffin hotunan iyali, ƙauyen da aka bari aka tafi birni, da jirgin ƙasa mai amfani da kwal. Wannan na ƙarshe ya zo a kan gaɓa, domin a watan Agustan 1968 ne hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina jigilar fasinja da irin waɗannan jirage a manyan layukanta.

Wajen fitar da faifan ma an sha ja-in-ja. An riga an shirya shi da waƙoƙi 12 za a fitar a watan Satumba, sai Ray ya ce a dakata, bai gamsu ba. Amma kafin nan an riga an aika da shi wasu ƙasashe, shi ya sa mai waƙa 12 ɗin ya fito a wurare irin su Suwidin da Norwe da Faransa da Italiya. Ray ya so a yi faifai biyu a haɗe masu waƙoƙi 20, kamfanin ya ce bai ga dalilin kashe wannan kuɗi ba. Daga ƙarshe aka daidaita a kan waƙoƙi 15 a faifai guda.

Wannan jinkiri shi ya jefa su cikin bakin kura. Faifan ya fito ranar 22 ga Nuwamban 1968, kuma a wannan rana ce Beatles suka fitar da shahararren faifansu mai farin bango. Makonni kaɗan kafin nan Jimi Hendrix ya fitar da Electric Ladyland, makonni biyu bayan nan kuma Rolling Stones suka fitar da Beggars Banquet. To malam, saurayin da ke da kuɗin faifai ɗaya a aljihu, wanne kake jin zai ɗauka? Bugu da ƙari, ba a ciro ko waƙa ɗaya daga cikinsa an fitar a ƙaramin faifai a Birtaniya ba, alhali ta wannan hanya ce rediyo ke tallata babban faifai.

Sai kuma yanayin zamanin. Shekarar 1968 shekara ce ta tarzoma. Ana yaƙin Biyetnam, an kashe Martin Luther King a watan Afrilu, ɗalibai sun tayar da ƙayar baya a birnin Faris a watan Mayu. Matasa na neman kiɗa mai ƙara da zafi da maganar juyin juya hali. Ana cikin haka sai ga wasu sun fito da waƙoƙi masu sanyi a kan ƙauye da tuna baya. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, su kuwa The Kinks sai suka ɗauko rawar da ba wanda ke yi. Masu sharhi a jaridu da dama sun yaba wa faifan, musamman a Amurka inda ya fito a farkon 1969, amma yabo ba ya biyan kuɗin haya. Faifan bai shiga jerin masu kasuwa ba ko kaɗan, a Birtaniya ko a Amurka. A farkon 1969 Pete Quaife ya bar ƙungiyar, aka maye gurbinsa da John Dalton, wato wannan shi ne faifai na ƙarshe da mutum huɗun farko suka yi tare.

Kada mai sauraro ya ɗauka nan labarin ya ƙare. A 1969 aka ɗage takunkumin, suka koma Amurka a watan Oktoba, suka faro daga ƙananan wurare kamar sababbin shiga. A 1970 waƙarsu Lola ta zo ta biyu a Birtaniya, ta 9 a Amurka. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sun koma cika manyan filaye a Amurka, a 1983 kuma waƙarsu Come Dancing ta kai ta 6 a can. A 1990 aka shigar da su zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka, suka kuma ci gaba da wasa tare har zuwa 1996.

Shi kuwa faifan da ya yi kwantai fa? A hankali a hankali, wannan ya ji ya gaya wa wancan. A shekarun 1990 sababbin ƙungiyoyin Ingila irin su Blur suka fito suna waƙa a kan rayuwar ƙasarsu, suna kuma nuna cewa a wurin Ray Davies suka koyi hannu. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa faifan cikin jerin faifai 500 da ta ce sun fi kowanne. A 2004 kamfanin HP ya yi amfani da ɗaya daga cikin waƙoƙinsa, Picture Book, a wani tallan talabijin, mutane da yawa suka ji ta karo na farko. A 2017 aka ba Ray Davies sarautar Sir. Sannan a 2018, da faifan ya cika shekara 50 aka sake buga shi, sai ga shi ya shiga jerin masu kasuwa na Birtaniya karo na farko, aka kuma ba shi lambar zinariya, wadda ake bayarwa idan an sayar da kwafi 100,000 a ƙasar. Tsohuwar zuma ke nan, da ita ake magani. Sai dai Pete Quaife bai ga wannan rana ba, domin ya rasu tun 2010.

A taƙaice dai malam, abubuwan da suka sa wannan faifai ya yi kwantai su ne rashin jituwa a cikin gida, da rufewar babbar kasuwa, da kamfanin da bai ba shi muhimmanci ba, da ranar fitarwa da ta ci karo da ta manya, da kuma sauyin abin da jama'a ke so. A cikin waɗannan biyar babu ko ɗaya da ya shafi kyan waƙoƙin ko muninsu. Saboda haka ga masu sha'awar wannan sana'a a cikinku, akwai abin lura ta fuska biyu. Ciniki na makon farko ba shi ne ma'aunin aiki ba. Amma kuma kyan aiki shi kaɗai ba ya kai kaya kasuwa, sai an san da wa aka ƙulla yarjejeniya, an san lokacin da za a fito, an kuma zauna lafiya da abokan aiki. Kuma kada a manta, The Kinks sun kai ga ganin ranar faifansu ne saboda ba su watse ba, sun ci gaba da aiki a shekarun da ba a yi da su. Ƙungiyoyi da yawa da irin wannan ta same su, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Jama'a, a nan za mu dasa aya a shirinmu na wannan mako. Ku ci gaba da aiko mana da takardunku, kuma don Allah a riƙa rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya, da rubutu mai kyau, domin a samu sauƙin karantawa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.