Rumbu, Allo da Dillali: Abin da Yaronka Zai Koya in Ya Ce Zai Gina Manhaja

Yau maganarmu da kai ce Alhaji mai fataucin shanu, da kai Ardo, da ke Hajiya mai kai kaya kasuwa, musamman idan a gidanku akwai yaro ko yarinya da suka fara cewa a saya musu kwamfuta za su koyi gina manhajar intanet. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wani sai ya kwance maraƙi kafin ya iya. To kafin igiya ta bar hannunka, ya kamata ka san abin da za a koya, ka kuma san yadda za ka gane ko ana koyon ko ana wasa.

Manhajar intanet ita ce wadda ba sai ka sauke ta a cikin salularka ba. Ka buɗe wurin shiga intanet, ka rubuta adireshi, shafi ya fito, ka cika suna, ka danna, amsa ta dawo. Ainihin aikin ba a wayarka ake yin sa ba. Yana can cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba. Wayarka saƙo kawai take kaiwa ta karɓo amsa.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa idan aka cusa komai wuri guda, lissafi da ado da karɓar saƙo, ranar da za a gyara abu ɗaya sai uku su lalace. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, shi ya tsara maganin wannan a shekarar 1979, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya ta Amurka. Ya ce a raba aikin gida uku. Ana taƙaita tsarin da haruffa uku, MVC. Mu a nan za mu kira M rumbu, V allo, C kuwa dillali.

Ba baƙon abu ba ne a wurinka. Dubi kara, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko wadda ka saba zuwa. Akwai malamin da ke riƙe da littafi: wane ya kawo bijimi, wane ya saya, nawa aka biya, nawa ya rage. Wannan littafin da ƙa'idojinsa shi ne rumbu. Akwai takardar shaida da ake miƙa wa mai saye, wadda zai nuna a hanya in an tare shi. Wannan ita ce allo, abin da ido ke gani. Sai dillali, wanda ba shi da saniyar, ba shi da littafin, amma ta hannunsa magana ke bi. Ya ji buƙatarka, ya je inda ya dace, ya dawo maka da amsa. Ka taɓa ganin karar da ta zauna lafiya alhali dillali ne ke gyara littafi da kansa yadda ya ga dama? To haka ma manhaja.

Bari mu tsaya kan kuɗi, don a nan ne amfanin rabon yake fitowa fili, kuma a nan ne mu mutanen iyaka muka fi kowa shan wahala. A ce ƙungiyarku ta sa an gina mata manhajar rubuta ciniki da bashi. An sayar da bijimi sefa 300,000. A cikin rumbu lamba ɗaya tak za a ajiye, da sunan kuɗin, da ranar cinikin. Amma mutanen da za su duba ba ɗaya ba ne. Mutumin Maraɗi yana so ya ga jaka 300. Tsohon da ya saba ƙirga da dala, wato sefa biyar-biyar, a wurinsa dala 60,000 ce. Abokin cinikinku na Katsina kuwa naira yake son gani. Wannan duk aikin allo ne. Allo uku, rumbu ɗaya. In gobe aka ce a ƙara allon Faransanci saboda takardun duwan, ko na Fulfulde saboda mutanen ruga, sai a ƙara, ba a taɓa ko lamba ɗaya a rumbu ba.

Sai maganar canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro guda, ba ta motsi ta wannan gefen. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, kai ma shaida ne, farashin safe daban na yamma daban. Yaron da bai koyi rabon aiki ba zai rubuta farashin canji a cikin kowane shafi, wuri goma ko ashirin. Ranar da canji ya motsa ya gyara sha tara ya manta ɗaya, shafin bashi ya ce abu kaza, shafin rasit ya ce wani abu, sai rigima tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna cin abinci kwano ɗaya. Wanda ya koya da kyau wuri guda zai ajiye canjin, cikin rumbu, kuma kowane ciniki zai maƙala masa canjin ranar da aka yi shi, don kada bashin bara ya kumbura ko ya rame da canjin bana. Ƙa'idoji irin su "ba a sayar da dabba ɗaya sau biyu" ko "ba a rubuta biya fiye da bashin da ake bi" su ma a rumbu suke zama. Dillali ya kasance mara nauyi: ya karɓi saƙo, ya duba ko mai saƙon yana da izini, ya miƙa, ya dawo.

Yanzu, ba daga ƙasa yaro zai fara haƙa harsashi ba. Akwai ginannun firam da wasu suka riga suka kafa a kan wannan tsari, kamar yadda magini ke samun abin buga bulo a shirye, kuma manyansu kyauta ne. Ruby on Rails ta fito a 2004 daga hannun David Heinemeier Hansson ɗan ƙasar Danmak. Django ta fito a 2005, an haife ta ne a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, da yaren kwamfuta na Python ake aiki da ita. Laravel ta Taylor Otwell ta zo a 2011 da yaren PHP. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin sayen ɗaya daga cikin ukun nan, ka riƙe aljihunka. Kuɗin malami daban, wannan halal ne.

Wacce za a zaɓa? Ni dai a ganina wadda akwai mai iya ta kusa da ku, wanda yaro zai iya kai wa tambaya in ya maƙale. In babu kowa, ga ɗan lakwal da ya yi karatu da Faransanci Django ta fi sauƙin kamawa, don littafin bayaninta yana nan da Faransanci, kuma tana zuwa da shafin shugaba a shirye, inda za a iya shigar da bayanai tun kafin a ƙawata komai. Abu ɗaya dai zai rikita shi: mutanen Django sun juya sunayen, suna cewa MTV, kuma abin da muka kira dillali su harafin V suka ba shi. Aikin bai canza ba, suna ne kawai. Muhimmin abu shi ne ya kama ɗaya ya zauna a kanta. Yaron da wannan wata yana Laravel, wata mai zuwa yana Rails, kamar mai haƙa rijiya ne da ke sauya wuri kullum gaba biyu.

Kuma kada ya yi tsalle. Da farko HTML da CSS, waɗanda da su ake shimfiɗa shafi a yi masa ado. Wannan ko a salula ana iya fara taɓa shi, don haka ka sa ya nuna maka shafin da ya yi da waya kafin ka sayi kwamfuta. Sannan yaren da firam ɗin ke ji, Python ko PHP ko Ruby, har ya iya rubuta ɗan lissafi da kansa. Sannan ya fahimci yadda ake jera bayanai a teburi, da yadda teburin masu dabbobi ke haɗuwa da teburin dabbobin. Bayan nan ne firam. Wanda ya faɗa firam kai tsaye zai iya kwafe abin da ya gani a bidiyo, amma ranar da jan rubutun kuskure ya cika masa allo ba zai san ta ina zai ɓullo ba. Aikin watanni ne, kuma Turanci ko Faransanci na karatu dole ne, don saƙonnin kuskure da Turanci suke fitowa.

Ba sai sabuwar kwamfuta ba, ta hannu mai batir mai rai ta wadatar. Ba kuma kullum ake buƙatar data ba: in an sauke kayan aikin sau ɗaya, kwamfutar yaron da kanta za ta zama saba, ya gina ya gwada ba tare da intanet ba.

Ga yadda za ka jarraba shi ko da ba ka karanta boko ba. Ka ce ya gina maka littafin garkenka: kowace saniya da sunanta da kamanninta, bunaji ce ko azawak, wa ke da ita in ta amana ce, yaushe ta haihu, yaushe aka yi mata allurar ciwon huhu. In ya kawo, ka ce ya sauya launin shafin ya ƙara girman rubutu saboda idonka. Sannan ka ce ya ƙara wurin rubuta ranar da aka sayar. Ka zauna ka kalle shi. In sauya launi ya sa lissafi ya rikice, bai raba aikin ba tukuna. Ka sa ya rubuta Ɗanladi da Ƙaura da Ɓaidu, a ga ko haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa daidai. Ka sa a shiga da sunan wani, a ga ko zai iya leƙa bashin da ba nasa ba. Firam ɗin nan suna zuwa da makullai a jikinsu, suna ɓoye kalmar sirri yadda ko mai manhajar ba zai karanta ta ba, suna kuma tare ɓarawon da ke cusa umarni a gurbin rubuta suna. Sai dai makulli ba ya aiki in yaro ya kewaye shi don sauri.

In har abin ya kai ga ƙungiya za ta ɗora shi a intanet, to akwai kuɗin adireshi da na hayar saba, ana biyan su wata-wata ko shekara-shekara, galibi da kuɗin waje. A yi rajistarsu da sunan ƙungiya, shugabanni biyu su riƙe kalmar sirri, don yaro yana iya samun aiki a Yamai ko Kano ya tafi. A riƙa kwafe rumbun ana ajiyewa wani wuri daban kowane mako. Kuma manhajar intanet sai da layi: a mashekarin da ake hawa tudu kafin a samu kira, ba za ta buɗe ba. Don haka littafin takarda ya ci gaba da bin garke, in an shigo gari ranar kasuwa a juye abin da ke ciki.