Agogon Shafin Intanet: Daga Ina Yake Samun Lokaci?



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda agogon da muke gani yana tafiya a shafin intanet yake samun lokacinsa. Batun yana da muhimmanci, domin ɗalibin da ke cike takardar neman shiga jami'a, ko ɗan kwangilar da ke miƙa takardunsa, da wannan agogo yake sanin saura minti nawa a rufe.

Agogo biyu ne a cikin al'amarin. Akwai na babbar kwamfutar da ke ajiye shafin, wadda ake kira saba, akwai kuma na wayar mai karatu. Na wayar ba abin dogaro ba ne, don kuwa mai ita yana iya juya shi yadda ya ga dama. Na saba kuwa akan daidaita shi da tsarin NTP, wanda David Mills ya fito da shi a 1985. Sai dai saba sau ɗaya take faɗin lokaci, wato sa'ad da ta aiko da shafin.

To, ga dabarar. Saba za ta rubuta lokacinta cikin shafin da lamba guda, wato adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT. Umarnin JavaScript da ke aiki cikin burauza, manhajar da ke buɗe shafin, sai ya ninka lambar sau 1,000, domin shi yana kasa kowace daƙiƙa kashi dubu ne. Wanda ya manta da wannan, agogonsa zai nuna masa Janairun 1970. Daga nan sai umarnin ya auna tazarar da ke tsakanin lokacin saba da na wayar, ya riƙe ta. Bayan kowace daƙiƙa ya dubi agogon wayar, ya gyara shi da wannan tazara, sannan ya nuna.

Wani zai ce, me zai hana a riƙa ƙara daƙiƙa ɗaiɗai a kan lambar farko? Dalili shi ne burauza takan yi nawa, musamman idan an bar shafin an koma wani, kuma kaɗan-kaɗan jinkirin yakan taru har ya zama mintoci.

Wajen nunawa ne kaɗai ake la'akari da ƙasa: Nijeriya da Nijar suna gaba da GMT da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi.

A ƙarshe, jama'a, agogon da ke kan allo ishara ce kawai ga mai karatu. Hukuncin wanda ya makara dole ya kasance a hannun saba, domin duk abin da ke cikin burauza mai wayar yana iya taɓa shi.