Jawabin Bikin Cika Shekara: Tsohuwar Taya Ba Shara Ba Ce

Shugaban taro, iyayen ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa da kuka taso daga Kano da Katsina, da na Maraɗi da Damagaram, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana wannan rana.

Bana za mu yi magana ne kan haja wadda muke tsallakewa kullum a tasha da bakin rumfar mai faci, wato tsohuwar taya. An ƙiyasta cewa duk shekara tayoyi kimanin biliyan 1 ke gama aiki a duniya. A wajenmu an daɗe ana yanka su a yi takalmi, tib kuma a yi guga da igiyar ɗaurin kaya. Saura sai a ƙona don a ciri waya, ko a bar su suna tara ruwan sama, sauro na hayayyafa.

Mu Hausawa komai roba muke ce masa, alhali iri biyu ne. Robar jarka, leda, bokiti da buhun hatsi tana narkewa da zafi, a sake zuba ta a wata siffa. Robar taya kuwa an dafa ta da farar wuta tun a masana'anta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Shi ya sa ba ta narkewa, sai dai ta ƙone.

To yaya ake haɗa su? Ana daddatsa tayar, a zare waya da maganaɗisu, a fitar da zaren ciki, a niƙa ta zama gari. Sai a zuba garin cikin narkakkiyar robar jarka ko ta bokiti, a inji mai zafin da ya kai wajen digiri 180 zuwa 200. Narkakkiyar ita ke riƙe garin, garin kuma ya ba kayan laushi. Da wannan ake yin shimfiɗar ƙasa, tafin takalmi, tudun rage gudu na titi, da dakalin ɗora buhuna a sito.

Amma akwai sharuɗɗa uku, kuma a nan riba ko asara take.

Na farko, laushin niƙa. Tsaki ba ya kama jiki kamar gari. Wanda bai kai milimita 1 ba shi masu masana'anta suka fi so.

Na biyu, tsinta. Ku duba lambar da ke gindin kaya: 2, 4 da 5 su ake nema, kowace a buhunta. Lamba 1, ta gorar ruwa, ba ta narkewa a wannan zafi. Lamba 3, ta bututun ruwa, tana fitar da iska mai cin inji. Idan babu lamba, a yanka a jefa a ruwa: waɗanda ake so suna tasowa, sauran su nitse.

Na uku, amana. Robobin nan biyu ba sa son juna, sai an sa musu sinadarin haɗi. Idan garin taya ya yi yawa, kaya zai yi araha amma ya yage da wuri. Wannan algus ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma a yi mazubin abinci ko na ruwan sha da wannan haɗi.

Sai maganar iyaka. Nijeriya da Nijar duk suna cikin Yarjejeniyar Basel kan safarar shara, kuma tun daga 2021 cakuɗaɗɗiyar sharar roba ba ta ƙetare iyaka sai da izinin ƙasar da za ta karɓa. Kafin mota ta nufi Jibiya ko Ɗan Isa, a tambayi kwastan da duwan, a riƙe takarda.

Shawararmu ita ce, maimakon kowa ya sayar wa dillali taya a ɗanyenta, mu haɗa kuɗi mu sayi injin niƙa ɗaya, mu ɗauki yaranmu 'yan jari-bola aikin tsinta, mu nemi masana'antun Sharaɗa da Bompai da kaya tsintacce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon a kafa kwamitin da zai kawo mana farashin inji da kuɗin wuta kafin zama na gaba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.