Lambu a Matsayin Jari: Tanadin Ma'aikaci Don Ranar Barin Aiki



Gabatarwa

Akwai wata tambaya wadda kowane mai cin albashi yakan yi wa kansa, ko ba daɗe ko ba jima, watau me iyalinsa za su ci ran da albashi ya tsaya. Yawancin ma'aikatan gwamnati a Nijeriya sukan bar aiki in sun cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 suna aiki, duk wadda ta riga zuwa. Daga ranar nan sai jiran fansho, shi kuwa fansho kuɗi ne, kuɗi kuma yana zaizayewa. An fito da naira a 1973. Bayan shekara biyu aka biya ƙarin albashin Udoji, farashin kaya ya tashi ya haɗiye shi. A 1986 aka karya darajar naira. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100, a 2024 kuma ta haura kashi 30. Duk wanda ya ɓoye tanadinsa a takardar kuɗi cikin shekarun nan ya ga yadda ta ƙanƙance a hannunsa.

Saboda haka ne ma'aikata da yawa suke tunanin sayen fili kusa da ruwa su dasa itatuwan marmari. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne ko wannan tunani yana da tushe, da sharuɗɗan da sai sun cika kafin lambu ya zama abin dogaro.

Lambu a al'adar Bahaushe

Harshe yakan nuna abin da al'umma ta daɗe da sani. Bahaushe ya bambanta gona da lambu. Gona ita ce ta damina, wadda take jiran ruwan sama. Lambu, ko garka a wasu karorin harshen, shi ne wurin da mutum yake kai wa shuka ruwa da ƙarfinsa. Akwai fadama, watau ƙasa mai riƙe danshi a gefen kogi ko tafki. Akwai jigo, wanda ake ɗaga ruwa da shi tun kafin zuwan inji. Akwai kuma ɗan aure, sunan da ake kiran mangwaron da aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin wani. Waɗannan kalmomi shaida ce cewa ban ruwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa.

Misalan da suka daɗe suna nan ana gani. A Dutse akwai dabinon da ya ga kaka da jika, har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta buɗe reshenta na binciken dabino a garin. A ƙasar Abzin ta Jamhuriyar Nijar, mutanen Timiya suna jan ruwan rijiya da dabbobi, suna fitar da lemo da rumman da dabino daga tsakiyar duwatsu, ana kai su Agadas. Wanda ya dasa wasu daga cikin itatuwan nan ya daɗe a ƙasa, amma zuriyarsa tana ci. Ma'anar jari mai dogon zango ke nan.

Lissafin shekaru

Tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya, ya fi kyau a yi lissafin lambu da shekaru. Gwaiba takan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Mangwaro ɗan aure yakan fara a ta uku ko ta huɗu, amma ba ya cika ƙarfinsa sai wajen shekara goma. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas bai fara ba, kuma babu tabbacin zai yi kama da uwarsa. Lemo ɗan aure yana bukatar shekara uku zuwa biyar. Dabinon da aka ciro daga gindin uwarsa yakan fara wajen shekara ta huɗu ko ta biyar, sa'an nan ya yi ta bayarwa shekaru da dama.

Alal misali, a ɗauki ma'aikaci ɗan shekara 40 wanda ya mallaki hekta ɗaya. In ya bar tazarar mita 10 tsakanin itace da itace, filin zai ɗauki mangwaro 100. Shekaru huɗu na farko kashe kuɗi zai yi ta yi: shinge, rijiya, inji, taki, ladan mai tsaro, da maye gurbin dashen da ya mutu. Yana da shekara 50 lambun zai tsaya da ƙafarsa. Ran da ya bar aiki itatuwan suna da shekara 20, suna kan ganiyarsu. Wanda kuwa ya jira sai ya karɓi kuɗin sallama yana da shekara 60, to zai shiga shekarun ciyar da lambu a daidai lokacin da ba shi da albashin ciyarwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Manoman fadama suna da dabarar rage nauyin waɗannan shekaru. Tun da dashe bai yi inuwa ba, sukan shuka albasa, tumatir, tattasai ko wake a tsakanin layuka. Ruwan da aka ba kayan miya shi dashen yake sha, kuɗin da aka samu kuma shi yake biyan mai da ma'aikaci.

Sharaɗi na farko: ruwa

Mai sayen lambu ruwa yake saye, ƙasa tana biye. A yankin Kano damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, saboda haka ƙaramin dashe yana bukatar ban ruwa fiye da rabin shekara. Alkama ko shinkafa in ruwa ya yanke, asarar kaka ɗaya ce. Lemo in ya rasa ruwa rani guda, wahalar shekara biyar tana iya tafiya.

Tarihin manyan ayyukan ban ruwa yana da darasi a nan. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, gwamnatoci sun duƙufa kan gina madatsun ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce take shayar da filayen Kadawa da Kura da Garun Malam. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are. Wasu ayyukan sun amfani jama'a ƙwarai. Amma babban aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Cadi, a Jihar Barno, ya gamu da janyewar tafkin a farkon shekarun 1980, manyan magudanai suka bushe. A ƙasan kogin Haɗeja kuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu wurare suka cika da ruwa, wasu suka ƙafe.

Don haka wajibi ne mai niyyar saye ya je ya ga filin a watan Afrilu, lokacin da rani ya kai maƙura, ya ga zurfin ruwan rijiya da idonsa. Ya tambayi dattawan wurin yadda abin ya kasance a shekarun fari. Ya kuma duba kada ruwan ya yi yawa, domin lemo ba ya jure kwanciyar ruwa a saiwarsa, kuma inda ruwa ba ya samun mafita, kanwa takan taso ta ɓata ƙasa. Sai kuma tsadar ɗaga ruwan. Shirin raya fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injuna masu shan fetur. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban ruwa ya yi tashin gwauron zabo, manoma da dama suka koma wa famfo mai aiki da hasken rana, wanda sayensa yake da tsada amma ba ya cin mai.

Sharaɗi na biyu: mallaka

Itace ba ya ƙaura. Saboda haka duk wani rauni a mallakar fili ya fi cutar mai lambu bisa mai noman hatsi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani, wanda gwamna yake bayarwa, ko ƙaramar hukuma a filayen karkara. Gwamnati tana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada kuwa ta abin da aka raya a kan filin ce, kamar gini da shuka da itatuwa. Ke nan ya kamata mai lambu ya riƙe takardun filinsa, ya kuma riƙe lissafin itatuwansa da shekarunsu.

Abin da ya faru a Bakolori ya isa misali. An gama madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Manoma suka yi ta ƙorafi a kan diyyar gonaki da itatuwansu, suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka. Darasin yana da fuska biyu. Ma'aikacin da ya sayi fadama yana iya rasa ta ga gwamnati, shi ma kuma yana iya zama mai raba talaka da abin da ya gada. Filin gado wanda wani ɗan'uwa ya sayar ba da yardar sauran magada ba, ko wanda yake kan burtalin shanu ko mashayarsu, rigima ce aka saya da kuɗi. Har ila yau, rashin tsaron da ya addabi sassan Zamfara da Katsina da Kaduna tun shekarun 2010 ya nuna cewa lambun da mai shi ba ya iya zuwa ba shi da maraba da wanda babu.

Sharaɗi na uku: kulawa

Ma'aikaci yana ofis daga Litinin zuwa Juma'a, lambu kuwa yana son mutum kullum. Akuya ɗaya ta isa ta cinye dashen shekara guda cikin yini. Gara tana cin saiwa, wutar daji tana ƙona shinge. Dabino yana da mace da namiji, kuma sai an hau an barbaɗa wa macen furen namijin kafin a samu amfani mai kyau. Wanda yake biyan mai tsaro ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana leƙowa sau ɗaya a wata, bai kamata ya yi mamakin abin da zai tarar ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan matsala. A littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zauruka, irin su Risala da Muhtasar, akwai bayanin musaƙa, watau yarjejeniyar da mai itatuwa yake ba wani ya shayar ya kula, a kan wani sanannen kaso na 'ya'yan, kamar rabi ko sulusi. Asalinta yarjejeniyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da mutanen Haibara. Hikimar ita ce mai aikin ya san cewa gyaran lambu gyaran aljihunsa ne. Hatta a zakka an lura da wahalar ban ruwa, domin dabinon da ya sha ruwan sama ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya cikin ashirin.

Sharaɗi na huɗu: kasuwa

Mangwaron yanki ɗaya yakan nuna lokaci ɗaya, daga wajen Maris zuwa farkon damina. Wanda ya taɓa shiga Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano a wannan lokaci ya ga yadda farashi yake faɗuwa, da tulin da yake ruɓewa. Daɗin daɗawa, mangwaro yakan yi 'ya'ya da yawa shekara ɗaya, ya rage a mai zuwa. Akwai kuma wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya bazu zuwa Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Shi ne yake sa a tarar da tsutsa a cikin mangwaro da gwaiba, yana kuma cikin dalilan da suke sa a ƙi karɓar kayan a ƙasashen Turai.

Mai lambu yana rage wannan haɗari ta hanyar haɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri, da haɗa itatuwan da kakarsu ta bambanta, da tsince 'ya'yan da suka faɗi a binne su don kada ƙudan ya hayayyafa. Dabino yana da fifiko a nan, tun da yana ajiyuwa har watan azumi, lokacin da bukatarsa take ƙaruwa. Lambun da yake kusa da hanyar mota kuma ya fi na lungu daraja ko da ƙasarsu ɗaya. Ya kamata a guji al'adar sayar wa 'yan sari amfanin lambu tun yana fure. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin kyansu ya bayyana, kuma galibi mai lambu ne yake kwaruwa.

Kammalawa

A taƙaice, lambu yana iya riƙe ma'aikaci da iyalinsa bayan barin aiki, domin farashin amfaninsa yakan bi farashin sauran kaya, filin kuma yakan ƙara daraja. Amma sai an samu ruwan da ba ya yankewa, da mallakar da ba ta da jayayya, da amintaccen mai kulawa wanda yake da rabo, da hanyar kai kaya kasuwa. In ɗaya ta ɓace, sauran ba sa tsayawa. Kada a ci bashi mai gajeren wa'adi don dasa itacen da ba zai biya ba sai bayan shekara biyar, kada kuma a zuba dukkan tanadi a fili ɗaya. A fara da kaɗan, a nemi shawarar malaman gona, a faɗaɗa in an ga hali.

Ga ɗalibai kuwa, su ne suka fi kowa abin da lambu yake bukata, watau shekaru. Ɗan shekara 25 da ya dasa itace ashirin a gonar gidansu ya riga mai babban albashin da yake jiran kuɗin sallama.