Jawabi Ga Ɗaliban Ilmin Halittu Ranar Yaye Su

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ya ku sarakuna, malamai, iyaye, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau:

Tun da kakanninmu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, arzikin jama'armu bai taɓa rabuwa da ƙasa da ruwa ba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya ratsa yankin Jazira, auduga ta yi albarka, sai ga shi hanyoyin ruwan nan da suka raya gonaki su ne suka zama matattarar sauro, da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini.

Saboda haka, kada wani ya raina fannonin nan biyu da kuka karanta, wato ilmin rarrabe jinsunan halittu da nasabarsu, wanda Abu Hanifa Dinawari ya yi wa hidima a littafinsa na tsirrai, da ilmin zaman halittu da muhallinsu. Wanda bai bambance ƙwaro mai ɓarna da ƙwaron da ke cinye shi ba, idan ya yi feshi, abokinsa zai fara kashewa. Haka kuwa aka yi a Jazira, inda yawan feshi ya buɗe wa farin ƙuda ƙofa, ya manne audugar da danƙo, darajarta ta faɗi.

Kwalejinku ƙarama ce, amma a nan falalarta take, domin malami ya san kowanenku da sunansa, ya shiga taɓo tare da ku, kun tuge ƙuduji kun ga yadda saiwarsa ke liƙe wa ta dawa, kun rarrabe dakwara da bagaruwa da hannunku.

Wasiyyata gare ku, 'ya'yana, ita ce ilmi amana ne: ku koma ƙauyukanku, ku durƙusa gaban tsofaffin manoma da masunta ku rubuta abin da suka sani, sa'an nan ku sanar da su abin da kuka koya. Allah Ya sa albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.