IDAN BABBAR MOTARKA TA YI HAƊARI, KUMA KANA ZATON LAIFINKA NE
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a Bauchi)

 

An nemi in yi magana ne a kan abin da babu mai son ya same shi. Da yawa daga cikin gidajenmu da tirela ko tanka ko tifa ake ciyar da su, a hanyar Jos, ko ta Gombe ta Alkaleri, ko ta Kano ta Ningi, ko ta Darazo zuwa Potiskum. To, ranar da tsautsayi ya faɗa, birki ya ƙwace ko gyangyaɗi ya ɗauke ka, me za ka yi, alhali danginka suna can gida, nan kuwa zama ne ya kawo ka?

Da farko ka tsaya. Ka kashe mota, ka sa alamar gargaɗi gaba da baya, ko da ganye ne, don kada wata motar ta zo ta hau. Ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, kyauta ne. Wanda ya ji rauni a yi maza da shi asibiti mafi kusa, in a cikin gari ne ga Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga Asibitin Ƙwararru. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, saboda haka kada a tsaya jiran takardar 'yan sanda mutum yana zubar da jini. Idan man fetur ka ɗauko, ka yi ta ihu a nisanta. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu wajen kwasar mai.

Na san abin da ke ranku: taron jama'a. Gaskiya ne, akan far wa direba, akan ƙona mota. Idan ka ga ranka yana cikin haɗari, ka bar wurin, amma ƙafarka ta nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ka ce ga ni, ga abin da ya faru. Doka tana son a kai rahoto cikin awa 24. Wanda ya gudu caji ofis ya tsira da ransa da mutuncinsa. Wanda ya gudu garinsu ya ɓuya, ya bar yaron mota da mai mota da iyalinsa a cikin wahala, kuma ranar da aka kamo shi beli zai yi masa wuya, don ya riga ya nuna shi mai gudu ne.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara. Kada ka yi ƙarya, amma kada ka yanke wa kanka hukunci. Mutum a gigice sai ya yi ta cewa "laifina ne", alhali bai san ko tayar da aka sa masa tsohuwa ce ba, ko ɗayan motar ba ta da fitila. Aikin jami'an duba motoci, wato VIO, shi ne su gwada birki da taya su rubuta rahoto. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya nan. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kada ka sa hannu ko dangwale a kan bayanin da aka rubuta da Turanci sai an karanta maka shi da Hausa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa. Maganar ba ƙarama ba ce: dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya jawo asarar rai.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a tsare mata don mijinta, ko ƙane don wansa. Belin 'yan sanda kyauta ne. Haka nan sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda garin da ya fito, don haka kalmar "baƙo" ba ta rage wa mijinki komai a gaban doka. Ku ajiye kwafin lasinsa da lambar mai motar da ta shugaban tasharsu a gida.

Sai inshora. A sanar da mai mota nan take, shi kuma ya sanar da kamfanin inshora, don jinkiri ko ɗaukar alkawarin biya ba da saninsu ba yakan zame musu hujjar zamewa. Tun daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗin inshorar babbar motar haya naira 100,000 a shekara, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 5. Amma fa sai in ta gaskiya ce. Takardar da aka buga maka a bakin tasha da arha, ranar haɗari ba ta fi takardar ƙosai ba.

Idan an rasa rai, dattawan ƙungiya su je gaisuwa, kada a tura direban da kansa a ranar farko. Addini ya yi bayanin kisan kuskure a Suratun Nisa'i, da diyya da kaffara ta azumin wata biyu a jere. A tambayi malamai. In an yi sulhu, a rubuta shi, a sa shaidu, lauya ya gani, a kuma sani cewa yafewar dangi ba ita kaɗai ke rufe shari'ar gwamnati ba, sai an bi ta hannun mai gabatar da ƙara da kotu.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.